Yaushe ungozoma za ta ce a tafi babban asibiti?

Tambaya: Ni ungozoma ce, shekarata ta biyu ke nan da fara aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, daga ni sai ma'aikaciyar lafiya ɗaya. Babban asibitin da ake tiyata da ƙarin jini tafiyar awa ɗaya da rabi ce in hanya da kyau. In na tura mai naƙuda da wuri, dangi su ce na kasa. In na jinkirta, a can a ce na riƙe ta. Da me zan gane lokacin turawa ya yi, me zan yi mata kafin a tashi, kuma yaya zan yi da waɗanda ungozomomin gargajiya ke kawowa daga gida?

Amsa: Sista, abin da ya fi yaudarar sabuwar ungozoma shi ne ta dubi mace ta ce ai ba ta jigata ba tukuna. Matashiyar mace mai ƙarfi tana iya zubar da jini kusan lita guda tana nan tana magana da ke, awon jininta bai faɗi ba, sai a tashi ɗaya ta sulale. Saboda haka agogo za ki fi duba. Awa ɗaya da rabin da kika ce, tafiyar mota ce kawai. Ki ƙara lokacin da za a nemo maigida a gona ko a kasuwa ya amince, da na neman mota da kuɗin mai, da na yankar kati da gwajin jini da kiran likita idan an isa. In kika haɗa da gaskiya, daga cewarki "a tafi" zuwa shigarta ɗakin tiyata ba zai gaza awa uku zuwa huɗu ba. To tambayar da za ki riƙa yi wa kanki a kan kowace mace ita ce: in abin da nake gani yanzu ya ci gaba, yaya za ta kasance nan da awa huɗu? In amsar ba ta kwanta miki ba, lokaci ya yi.

Akwai wani tsohon ƙiyasi da ake koyarwa a kan tsawon lokacin da kowace matsala ke ɗauka kafin ta yi kisa in ba a yi komai ba: zubar jini bayan haihuwa awa 2, zubar jini kafin haihuwa awa 12, fashewar mahaifa kwana 1, jijjiga kwana 2, naƙudar da ta toshe kwana 3, ƙwayoyin cuta a jini kwana 6. Ki ɗora wannan a kan awa huɗunki, za ki ga abu biyu. Mai zubar jini bayan haihuwa mota ba ta cetonta, hannunki ne zai riƙe ta har a isa. Sauran kuwa suna ba da lokaci, kuma wannan lokacin ne ake ɓarnatarwa da "bari mu gani zuwa asuba". Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe mata kashi uku: na yanke shawara, na hanya, da na samun kulawa bayan an isa. Ke kina da hannu a duka ukun.

Batun wai kin kasa, ki cire shi daga ranki. A Ingila, inda motar asibiti ke zuwa cikin mintuna, wani babban bincike da aka fitar a 2011 ya nuna cewa cikin mata masu cikin fari da suka shirya haihuwa a gida hannun ƙwararrun ungozomomi, kashi 45 cikin ɗari an mayar da su asibiti, a naƙuda ko jim kaɗan bayanta. Waɗanda suka taɓa haihuwa kashi 12 ne. Yawanci kuma ba don wani tashin hankali ba, naƙuda ce ta ƙi ci gaba. Ƙaramin asibitin da ya shekara bai tura kowa ba, shi ya kamata a bincika.

Turawa mafi sauƙi ita ce wadda aka yi a ranar awo, mace na tafiya da ƙafarta. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, ko sau ɗaya ne, ba ta fara naƙuda a wurinki. Haka mai tagwaye, da wadda ɗanta ya zo a gicciye ko a zaune bayan mako 36, da mai hawan jini, da wadda ta ga jini a watannin ƙarshe, da mai sikila, ciwon zuciya ko ciwon suga, da wadda aka yi wa gyaran yoyon fitsari, da wadda ƙarfin jininta ya yi ƙasa da giram 7. Mace mai haihuwa biyar ko fiye, da wadda jini ya taɓa ɓalle mata ko mabiyiya ta taɓa maƙale mata, da yarinya ƙarama mai cikin fari, su ma gara su haihu kusa da jini. Waɗannan ki ba su shawarar komawa wurin dangi a gari tun daga mako 36 ko 37, musamman in haihuwar za ta faɗo a damina ko hanyarku ba ta biyuwa da dare. A wuraren da ba a fita bayan magariba saboda tsaro, ki mayar da la'asar lokacin yanke hukunci: duk wadda kike kokwanto a kanta da la'asar, ta tafi da sauran rana.

A ranar awon nan ne kuma ake neman izinin maigida tun kafin buƙata ta taso, a gaban mahaifiyarsa in da hali: in abu ya taso ba ya nan, a wuce da ita. A rubuta lambar direba biyu a bayan katin awo. A jihohi da dama na Arewa an horar da direbobin ƙungiyar NURTW a kan ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, ki je tasha ki tambayi shugabanta ko akwai su a yankinku. A san mutum biyu ko uku da za su ba da jini, a kuma ware kuɗi ko da na adashi ne.

A naƙuda, takardar bibiyar naƙuda ce idonki, kuma amfaninta yana ga cike ta a lokacin da ake aikin. Wadda aka cike bayan an haihu don mai duba aiki ya gani ba ta ceci kowa ba. A tsohuwar takarda ana fara zane daga buɗewar santimita 4, da layin gargaɗi da layin ɗaukar mataki awa huɗu a bayansa. Layi na biyun an yi shi ne don asibitin da ke da ɗakin tiyata. Ke da kike nesa, da mace ta ƙetare layin gargaɗi za ki fara shiri, domin awa huɗun da ke tsakanin layukan su ne na hanyarki. Sabuwar takardar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 tana fara ƙirga daga santimita 5, kuma ta ba kowane mataki iyakarsa: awa 6 a santimita 5, awa 5 a 6, awa 3 a 7, awa biyu da rabi a 8, awa 2 a 9. Bayan buɗewa ta cika, awa 3 ga mai cikin fari, awa 2 ga wadda ta saba. Waɗannan iyakoki ne na ƙarshe, kada ki jira su cika sannan ki aika neman mota. Ki saurari zuciyar jariri na minti ɗaya cur bayan ciwo ya lafa, duk rabin awa, sannan duk minti biyar idan an fara yunƙuri. Ƙasa da 110 ko 160 zuwa sama da bai gyaru ba bayan kin kwantar da ita a gefen hagu kin sa ruwa, dalilin tafiya ne. Haka ruwan faya mai kauri da kashin jariri.

Buɗewar bakin mahaifa kaɗai tana ruɗi, saukowar kai ce ke faɗin gaskiya. Ki auna ta ciki da yatsu biyar kafin ki sa hannu ta ƙasa, domin kumburin fatar kan jariri yana sa a ji kamar kai ya sauko alhali ƙashin yana sama. Idan ciwo na zuwa da ƙarfi, sau uku ko fiye a minti goma, amma har yanzu yatsu uku ko fiye na kama kan ta ciki, ƙasusuwan kan sun hau juna ba sa rabuwa in an danna, bakin mahaifa ya kumbura, fitsari ya yi kaɗan ko ya gauraya da jini, to hanya ta toshe. In kika ga ciki ya rabu biyu da wani kwari a wajen cibiya, mahaifa na gab da fashewa. Mahaifar mai cikin fari takan gaji ta daina aiki, kan ɗan ya zauna yana matse mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu, bayan kwanaki fitsari ya fara zuba. Irin waɗannan matan ne ake gyarawa a Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano. Mahaifar mai haihuwa da yawa kuwa ba ta san gajiya ba, sai ta yage. Alamarta ita ce ciwon naƙuda ya ɗauke kwatsam, wani ciwo marar yankewa ya maye gurbinsa, bugun jini ya hau, gaɓoɓin ɗan su ji a tafin hannu kamar a ƙarƙashin fata. Dangi sukan ce ta samu sauƙi. Ba sauƙi ba ne.

A nan abin da ba a yi ya kai abin da ake yi muhimmanci. Ba a sa allurar naƙuda. Ba a danna ciki daga sama. Ba a yankan gishiri, don ba fata ce ta tare hanya ba, ƙashi ne. Ki tambayi duk wadda aka kawo daga gida ko daga kemis, cikin lallami, ko an yi mata allura, ko an sa mata ƙwaya a ƙasa ko ƙarƙashin harshe, ko ta sha jiƙo, kuma da ƙarfe nawa. Sai ki sa babbar allurar ruwa mai lamba 16 ko 18, ki ɗaura ruwan gishiri ko Ringer, ki sa robar fitsari ki bar ta, ki ba da magungunan ƙwayoyin cuta, ampisilin giram 2 ta jijiya da jentamaisin miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinta in faya ta daɗe da fashewa ko akwai zazzaɓi. Kada a ba ta kunu ko fura a hanya, mai yiwuwa a sa ta barci. Ki rubuta a takarda tsawon lokacin da ta yi a toshe, saboda barin roba na kusan mako biyu bayan irin wannan naƙuda yana hana wasu matan yoyo.

Zubar jini bayan haihuwa shi zan fi tsayawa a kai. Rigakafinsa oksitosin, allurar da ke tsuke mahaifa, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan kin shafa kin tabbatar babu na biyu. Sai dai oksitosin yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi watanni a aljihun tebur cikin zafin Afrilu ƙila rabinsa ruwa ne, kuma sau da yawa shi ne dalilin "na yi allura amma ba ta ji ba". In ba ku da firji mai aiki, misoprostol, wanda shi ma ke tsuke mahaifa, maikirogiram 600 a haɗiye, wato ƙwaya uku, ya fi abin da ba a san ƙarfinsa ba. Sannan a auna jini, a daina kintace. Ido kusan kullum yana rage yawansa. Mililita 500 shi ne iyaka, daidai da ledar fiya wata ɗaya. Ki ɗauki leda guda ki zuba a kan irin zanen da matanku ke shimfiɗawa, ke da abokiyar aikinki ku ga yadda yake jiƙewa, hoton zai zauna muku. In kun samu ledar nan mai ma'auni da ake sa wa a ƙarƙashin mai haihuwa, ita ta fi. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, ya nuna cewa aunawa da wannan leda tare da ba da magunguna gaba ɗaya ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sirrin yana ga kalmar gaba ɗaya. Da can ana gwada abu guda, a jira, a gwada na gaba, jini kuwa ba ya jira.

Da kin ga 500, ko bai kai ba amma jikinta ya canza, ki ɗaga murya a zo a taya ki, a aika neman mota a lokacin, ke kuma cikin minti 15 ki gama waɗannan: murza mahaifa har ta yi tauri, zubar da fitsari da roba don cikakkiyar mafitsara na hana ta tsukewa, oksitosin yunit 20 a cikin lita ɗaya ta ruwa a ɗigo 60 a minti, tiranezamik asid, mai taimaka wa jini ya daskare, giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, layin ruwa na biyu a ɗaya hannun, sannan duba mabiyiya ko ta cika da duba yagewa da fitila mai haske. Tiranezamik asid amfaninsa cikin awa uku da haihuwa ne, kuma kowane jinkiri na rage ƙarfinsa, don haka a wurinki za a yi shi, kada a bar wa babban asibiti. In jini bai tsaya ba bayan rabin awa a ƙara giram ɗaya. In babu oksitosin mai kyau, misoprostol maikirogiram 800 ƙarƙashin harshe. Zai kawo rawar sanyi da zazzaɓi, ki gaya wa dangi tun kafin su firgita. Egometirin, wata allurar tsuke mahaifa, ba a ba mai hawan jini.

Ga wani lissafi mai sauƙi da ke riga na'urar awon jini gano haɗari: ki raba bugun jini da lambar sama ta awon. Bugu 110, awo 100 bisa 70, ya ba da 1.1. Daga 0.9 zuwa sama, mace ce ta tafiya ko da tana murmushi. In ya kai 1.4, rai ne a hannun Allah, a yi gudu. A hanya in mahaifa ta ƙi tsukewa, ki matse ta da hannu biyu, dunƙulallen hannu ɗaya a ciki ta gaba, ɗayan a kan ciki yana danno bayanta. In kin gaji, ki danna babbar jijiya da dunƙulen hannu dab da saman cibiya ta ɗan hagu, har bugun matsematsi ya ɓace. In kuna da rigar nan ta roba mai matse ƙafafu da ciki, wadda aka yi gwajinta a Kano da Ibadan, ki sa tun daga idon sawu zuwa sama. Ki ja kunnen kowa kada a kwance ta a hanya ko a bakin ƙofar asibiti, don buɗe ta a tashi ɗaya na iya sa mace ta faɗi nan take. A lulluɓe macen, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau.

Mabiyiya in ta wuce rabin awa ba ta fito ba, ki zubar da fitsari, ki sa jariri a nono, ki sake ja a hankali kina tare mahaifa da ɗaya hannun. In ta kai awa ɗaya kuma babu jini, a tafi da layin ruwa a hannu. In ana zubar jini kuma an horar da ke ciro ta da hannu, ki ciro, ki ba da maganin ƙwayoyin cuta. In kika ji ta manne ba ta da gefen ɓamɓarowa, ki janye hannunki, musamman ga mai tabon tiyata. Ɗaura wa igiyar cibiya dutse ko tura muciya a maƙogwaro don mace ta yi kakari ba ya fito da ita, sai dai ya tsinke igiyar ko ya juyo da mahaifa waje. Jini kafin haihuwa kuwa doka ɗaya ce: kada yatsa ya shiga. In mabiyiya ce ta tare ƙofa, yatsanki zai ɓalle ta. In ciki ya yi tauri kamar katako da ciwo, jinin da ke ɓoye ya fi na waje yawa. Ruwa, gefen hagu, masu ba da jini, mota.

Jijjiga tana yin sallama kafin ta shigo, sai dai ba a cika amsawa ba: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a ƙahon zuci da ake ɗauka gyambon ciki ne, kumburin fuska. Awon jini 160 bisa 110, ko 140 bisa 90 da furotin a fitsari tare da ɗaya daga alamun nan, ya isa a ba da magnesiyam salfet, maganin hana jijjiga, ba tare da jiran ta faɗi ba. Cikakken kashin farko giram 14 ne. Ki ja mililita 8 na mai ƙarfin kashi 50, ki ƙara ruwan allura mililita 12, ya zama giram 4 a mililita 20, ki tura ta jijiya a hankali, kada ya gaza minti biyar. Sannan giram 5, wato mililita 10, can cikin tsokar kowane ɗuwawu, da mililita 1 na lidoken mai kashi 2 don rage zafi. In jijiya ta ƙi samuwa, giram 10 na ɗuwawu kaɗai ya fi a tura ta haka. In ta sake jijjiga bayan minti 15, giram 2 ta jijiya. Ma'aikata da yawa na tsoron maganin nan fiye da kima. Kashin farko ba ya cutar da mace, a maimaitawa ne ake duba numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa na harbawa in an buga, fitsari ya kai mililita 30 a awa, da makarinsa, kalsiyam gulukonet giram 1, a kusa. Lokacin da aka shigar da magnesiyam manyan asibitoci 10 na jihar Kano a 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da ɗoriya.

Magnesiyam ba ya sauke hawan jini, kuma hawan ne ke fasa jijiyar ƙwaƙwalwa. In awon ya kai 160 bisa 110, ki ba da nifedifin, maganin hawan jini, miligiram 10 a haɗiye, ki sake awo bayan rabin awa. Kada ki cika mata ruwa kamar mai zubar jini, huhunta zai cika. A kwantar da ita a gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura rubutu ko ruwa ga wadda ba ta cikin hayyacinta, don huhu zai tafi. Mai son yin tofi ya yi, ba ya hana allura. Ki rubuta ƙarfe nawa kika ba da magnesiyam, saboda kashi na gaba bayan awa huɗu ne, kuma in ba su sani ba ko su maimaita ko su tsallake. Jijjiga tana zuwa bayan haihuwa ma, har cikin makon suna, don haka mai jego mai ciwon kai a auna ta.

Igiyar cibiya in ta riga ɗa fitowa kuma tana bugawa, mace ta durƙusa ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, ki tura kan ɗan sama da yatsu. Don tafiya mai nisa, ki zuba ruwan gishiri mililita 500 a mafitsara ta roba ki ɗaure bakinta, sai ta kwanta a gefe da matashi ƙarƙashin ƙugu.

Akwai kuma inda shiga mota kuskure ne. In kai ya riga ya bayyana, haihuwa a ɗakinki ta fi haihuwa a bayan a-daidaita-sahu. Kafaɗa in ta maƙale mintuna ne gare ki: a naɗe cinyoyinta zuwa ƙirji, a danna saman ƙashin mara. Jaririn da bai yi numfashi ba bayan an goge shi an shafa bayansa, a fara hura masa iska da jaka cikin minti ɗaya, kusan sau 40 a minti, ido na kan ƙirji ko yana tashi. Sai ya samu ake maganar tafiya. Jaririn da za a tura shi ne mai numfashi 60 ko fiye a minti, ko mai shigar haƙarƙari, ko mai jijjiga, ko wanda ya ƙi nono, ko zafin jikinsa ya gaza 35.5 ko ya kai 38, ko mai shawara a ranar farko, ko bakwainin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba. A yi masa allurar farko ta maganin ƙwayoyin cuta gwargwadon nauyinsa, a ɗaura shi tsirara a ƙirjin uwa ko na wata, da hula, a rufe su tare. Jarirai da yawa sanyin hanya ne ke ƙarasa su, ko a watan zafi.

Kafin mota ta tashi ki kira can. Ki samu lambar babbar sistar ɗakin haihuwa da ta likitan da ke kwana, ki tambaya ƙarara: akwai mai tiyata yanzu, akwai jini, akwai wuta? In babu, ki wuce inda akwai ko ya fi nisa, don yawo daga asibiti zuwa asibiti ya fi kowace hanya tsawo. Takardar turawa ta ɗauki lokuta da lambobi: yaushe naƙuda ta fara, yaushe faya ta fashe, buɗewa nawa a ƙarfe nawa, awon jini da bugu na farko da na ƙarshe, jinin da aka auna, kowane magani da yawansa da lokacinsa. "An yi mata allura" ba bayani ba ne. Mai jini da mai jijjiga ba a sallama su da dangi kaɗai, ma'aikaciya ta zauna a baya kusa da ita da kayan karɓar haihuwa, oksitosin, magnesiyam, jakar iska da tocila, tana awo duk minti 15. Na san ku biyu ne kacal, kuma rufe asibiti na awa huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan magana ce da za ki kai wa kwamitin lafiya na mazaɓa da mai gari tun yanzu, a san wa zai tsare wuri.

Da dangi kuwa, ki nemi mai yanke hukunci ki yi masa magana a gefe, a gajarce. "Malam, kan yaron ya fi ƙofar girma, ko mun kwana nan ba zai wuce ba, kuma mahaifar na iya yagewa. A can akwai abin da babu a nan. In mun tashi yanzu muna sa ran samun su duka biyu, da yardar Allah." Ga uwar miji: "Inna, ke za ki zauna kusa da ita, ki riƙe mana ledar ruwan nan." Wanda aka ba aiki ba ya cika gardama. Kada ki yi alkawarin ba za a yi aiki ba, in aka yi, ba za su ƙara yarda da ke ba. In kuɗi ne damuwa, a Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, amma a asibitocin da aka sa cikin shirin, don haka ki bincika tun yau ko naku na ciki. In sun ƙi duk da haka, ki rubuta, ki ci gaba da kula da ita, ki sake magana bayan rabin awa.

Ungozomar gargajiya da ta kawo miki mace, ko a makare, kada ki yi mata faɗa a gaban mutane. In kika kunyata ta yau, gobe za ta riƙe mace ta gaba har sai ta mutu a ɗaki. Ki ce "Sannu da ƙoƙari, Iya, gara da kika kawo ta," ki zaunar da ita ta ba ki labarin abin da aka yi, don ita kaɗai ta sani. Daga baya, ku biyu, ki ba ta ƙa'idoji kaɗan da za ta riƙe ba tare da takarda ba: naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, ko ta kwana, a kawo. Jinin da ya jiƙa zane kamar yadda kika nuna mata da ledar ruwa, a kawo. Mabiyiyar da ta yi tsawon lokacin da ke tsakanin magariba da lisha ba ta fito ba, ciwon kai da kumburi, hannu ko igiya da ya riga kai, zazzaɓi da wari a jego, duk a kawo. Ki ba ta lambarki, ki ce ta kira tun suna gida don ki haɗa ruwa kafin su iso. Duk wadda kika tura kuma, ki kira washegari ki ji abin da aka samu da abin da aka yi, ki rubuta a gefen sunanta a rajista. Bayan wata shida ki zauna ki karanta shafukan, ki ƙirga nawa suka haihu lafiya da isarsu, nawa aka yi wa aiki, nawa aka ce da an zo da wuri, sai ki gyara lokacin da kike kiran direba.